Hannun Malama a Kafaɗar Ummi

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Ya ƙafar taki? Mu nan Aujara lafiya lau, gero har ya fitar da kai.

Kin san autata Ummi da in'ina, ko sunanta ba ta iya faɗa a aji. Malama Binta ce ta san kanta: in Ummi za ta yi karatu sai Malama ta dafa mata kafaɗar dama, harshe ya saki. To Malama ta rasu bayan Sallah, Allah ya jiƙanta. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya.

Shekaranjiya sabuwar malamarsu ta zo har gida. Ta ce Ummi na karatu tiryan-tiryan, amma kafaɗarta ta dama na sunkuyawa kamar an ɗora mata hannu. Da na tambayi yarinyar sai ta ce, "Inna, ai Malama ba ta taɓa fashi ba."

Har yanzu tsikar jikina tashi take. Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a, don ni na rasa abin da zan roƙa: hannun nan ya ɗaga, ko ya zauna.

Ƙanwarki,
Rabi