Rigar Yayanki Mai Lamba Ɗaya

Zimkhitha, ruwan farko a kan ƙasar Qonce, jan furen da ke haska gefen tsaunin Amathole a tsakiyar sanyi, hasken idona, ke da kika taɓa murɗaɗɗen kunnena kika ce kamar kabejin da akuya ta fara ci ta fasa!

Kin tuna ranar? A tsakar gidanku a Komani, kina ƙara min masara da wake karo na uku, na ce aurenki nake so. Kika ce kin ji, amma tunda Baba ya rasu yayanki Mawande ne uba, in bai gyaɗa kai ba kada kawunnaina su wahalar da takalmansu. To yaya zan yi da mutumin da ba ya ɗaga wayata, in ya hango ni ya tsallaka titi? Wuri ɗaya ne a duniya ba shi da hanyar gudu: turereniyar nan ta ƙwallon zari-ruga, mutum takwas-takwas, kai da kai. Shi lamba ɗaya ne a ƙungiyar Kurayen Komani, ni lamba uku a Dorinar Qonce, alƙalin wasa da kansa yake haɗa kunnena da nasa.

A wasanmu na farko na lig na raɗa masa cewa ina son ƙanwarsa. Da kafaɗa ya ba ni amsa. Mako guda in zan waiga sai na juya gaba ɗayana.

A na biyu kuwa na tafka wautar da har yau in na tuna nake rufe fuska. Na ce ai suruki sai da kunya, na sassauta gwiwa na bari ya tura ni baya. Aka ci mu, koci ya zaunar da ni a benci wasa huɗu, muka gangaro na bakwai a tebur, can muka ƙare. Duk wannan bai ƙona ni kamar saƙon da kika kawo min ba: wai ya ce wanda ya ja baya don ya faranta masa, gobe zai ja baya ya bar ƙanwarsa a rana. Wayyo Zimkhitha! Ina barci, ina cin abinci? To, abinci dai na ci, amma wallahi ban ji daɗinsa ba.

Sai gasar kofi ta ji tausayina, ta sake haɗa mu jiya a wasan kusa da na ƙarshe. Saura minti biyu, taku biyar tsakaninmu da layinsu na cin maki, muka sunkuya. Na ce masa, "Bhuti, babban yaya, ka yafe ni." Na tuna murmushinki, na kafa ƙafa. Takalmansa suka yi ta huɗa a ciyawa har muka tsallake layin da shi da ƙwallon, muka ci wasan!

Da aka tashi ya nufo ni yana haki, na ce shi ke nan, yau zan rasa haƙori. Sai ya tuɓe rigarsa ya wurgo min a fuska. Ya ce, "Kai mai kunnen kabeji, ka ce wa kawunnanka Lahadi, ba Asabar ba. Asabar kana da kofin ɗaukowa."

Kabeji, Zimkhitha? Wa ya gaya masa? Ashe duk watannin nan da nake ramewa, hirata kike yi a gida!

Ga rigar nan na haɗo miki da wasiƙar, da laka da guminta, don ki tabbatar. Ki zo ranar Asabar, ki zauna inda zan hango ki, ko da launin Kuraye za ki saka na yafe. Ranar Lahadi kuma, in an kira ki gaban kawunnaina an tambaye ki ko kin san mutanen nan, don Allah kada ki ja min rai. Yayanki dai ina iya ture shi, ke kuwa sai dai in tsaya in jira.

Naki, wanda ba zai sake ja da baya ba muddin yana numfashi,

Bonisile