Rasuwar Malam Mahbub Jalo da Zaren da Aka Tsinke

ƘUNGIYAR MASU KISHIN KAYAN TARIHI TA GWARZO DA KABO

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, tare da wata fargaba da ba za mu iya ɓoye ta ba, Ƙungiyar Masu Kishin Kayan Tarihi ta Gwarzo da Kabo ta karɓi labarin rasuwar ubanta kuma mai kula da ɗakin adana kayanta, Malam Mahbub Jalo Unguwar Tudu, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata jim kaɗan bayan sallar Azahar, yana da shekara sittin da takwas a duniya, bayan jinyar da ba ta wuce kwana huɗu ba. An yi masa sutura a ranar, a maƙabartar garinsu. A madadin shugabanni, iyayen ƙungiya da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Hajiya Zubaidatu, da yayarsa Inna Marka, da 'ya'yansa shida da jikokinsa, da masu girma hakimai, dagatai, masu unguwanni da limaman yankunan nan biyu, da kuma kowane gida da ya taɓa damƙa wa marigayin amanar kayan kakanninsa.

Marigayi Malam Mahbub ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da tarihi a makarantun sakandare na yankin nan, kuma tun yana ƙaramin malami ya kamu da ciwon da bai warke daga gare shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, wato ba ya iya ganin tsohon abu a yashe ya wuce. A kan kekensa ya zagaye Gammo da Sabon Birni da ƙauyukan da ke tsakani, yana durƙusawa gaban dattawa yana roƙon su ba shi aron abin da jikokinsu ke shirin cusawa a murhu. Ta haka akushi da taskira, zugazugin maƙera da ƙoshiyar masaƙa, tandu da mazari da tsofaffin garemani suka taru a ɗakuna biyu da ya gina da hannunsa a gefen zaurensa. An sha yi masa ba'a, kuma mai sa hannu a wannan takarda yana cikin waɗanda suka laƙaba masa suna Sarkin Tarkace. Bai taɓa fushi ba, sai dai ya ce mu ci gaba, wata rana jikokinmu za su zo wurinsa neman ganin abin da kakarsu ta ci tuwo a ciki. Yau kayan da ke ɗakunan sun haura ɗari huɗu, kuma kusan dukkansu aro ne, masu su na nan da ransu ko magadansu.

Akwai wani salon aikinsa da ya wajaba jama'a su fahimta, domin a kansa sauran maganarmu za ta tsaya. A farkon lamari da fenti yake rubuta wa kowane abu lamba, har ranar da wani dattijon maƙeri daga Gammo ya zo ya ga an shafa wa zugazugin mahaifinsa lamba, ya saɓa abinsa a kafaɗa ya kama hanya, yana cewa duk abin da aka buga wa lamba ya zama na gwamnati. Cikin mako guda gidaje bakwai suka bi sahunsa. Malam Mahbub ya gwada rubuta lambar a takarda, gara da kyankyaso suka cinye. Daga nan marigayin ya koma ga zare. Kowane abu sai ya ɗaura masa zare, launinsa ya nuna garin da ya fito, yawan ƙullin da ke jiki ya nuna gidan, sannan ya shigar da launin da ƙullin a babban littafinsa. Dattawa suka yarda da wannan, domin zare ba ya ɓata kaya, kuma su ma da shi suke yi wa kajinsu alama.

Yana da shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemunsa da 'ya'ya a sakandare, ya nemi hutun karatu ya tafi Jos ya yi babbar difloma a fannin kula da gidajen tarihi, inda ya zauna aji ɗaya da sa'o'in ɗansa na fari. Ya dawo mana da sabbin dokoki masu ban haushi. Ba a taɓa kaya da hannu mai maiƙo, ba a shafa wa fata man gyaɗa, ba a shanya tsohon saƙi a rana, ba a wanke ƙwarya ko da ƙura ta rufe zanenta. Ya koyi auna kowane abu tsawo da faɗi, ya rubuta tabonsa da tsagewarsa da bayanin wanda ya kawo shi. Ya kan ce tara kaya kowa ma zai iya, ko ɗan gwangwan yana tarawa, amma riƙe su ilmi ne da ake zama a koya. Wannan imani ne ya sa ya tsaya tsayin daka a kan Malama Naja'atu Nasir Sabon Birni, malamar makaranta wadda ta yi shekara shida tana aiki tare da shi a ɗakin, har ya je da kansa ya shawo kan maigidanta da iyayenta, ta samu gurbin digiri na biyu a wannan fanni. A yanzu haka tana jami'a, kuma saura mata wata bakwai ta kammala.

Ba al'adar saƙon ta'aziyya ba ce a kawo abin tashin hankali a cikinsa, kuma muna neman afuwar iyalan marigayin, amma shirun ya fi maganar haɗari. Washegarin rasuwar, da aka ji cewa manyan baƙi za su zo gaisuwa daga Kano kuma za su so ganin ɗakin, Inna Marka ta tara matan unguwa suka shiga yin abin da kowace mace mai mutunci take yi idan ana jiran baƙi. Suka share, suka goge, suka wanke ƙore da akusa. Da suka ga zarurruka sun yi baƙi ƙirin suna reto, Inna Marka ta ce ba za a ce ƙanenta ya rasu baƙi su zo su tarar da kayansa da tsummokara ba, ta sa aka kawo reza. Kafin wani ɗan ƙungiya ya iso ya dakatar da su, an raba abu sittin da uku da zarensa. Muna so kowa ya ji da kyau: ƙungiya ba ta ɗora wa baiwar Allah nan laifi ba, kuma duk wanda ya kai mata maganar da za ta ƙara mata kuka bai yi da yawunmu ba. Ƙauna ce ta sa ta, kuma mu da muka san amfanin zaren ba mu taɓa ƙetare zaure mun gaya wa matan gidan ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, zaren da ya fi dauɗa shi ne na kayan da suka fi daɗewa, waɗanda marigayin ya tara tun kafin ya je Jos, lokacin da bai san a auna ko a siffanta ba. Bayaninsu a littafi bai wuce a ce akushi ɗaya, gidan wane. To akusa goma sha ɗaya ne suka rasa zarensu, kuma yanzu da aka wanke su duk sun koma kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a yi addu'ar uku, gidaje biyu, ɗaya a Gammo ɗaya a Sabon Birni, waɗanda auratayya ta haɗa shekara da shekaru, kowanne ya aiko yana cewa babban akushin nan mai ɗinki a baki na kakarsa ne, kuma yana son abinsa tunda mai riƙon amana ya tafi. Ba mu ga maƙaryaci a cikinsu ba, kowa abin da ya ji a gidansu yake faɗa. Amma muna tsoro. Muna tsoron ranar da za mu miƙa kayan wani ga wani bisa kuskure, domin a ranar za a daina yarda da mu, kowane gida ya zo ya kwashe nasa da wanda yake zato nasa ne, aikin shekara arba'in ya watse cikin mako guda, zumunci kuma ya tafi tare da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tuni an ga wasu baƙin fuska a wurin zaman makoki, waɗanda suka fi tambayar ɗakin a kan mamacin.

Mutum ɗaya tak ya rage da zai iya mayar da kowane abu ga gidansa, ita ce Malama Naja'atu, domin ita ce ta san hannun marigayin a littafi, ta ɗauki kayan nan ta ajiye sau ba adadi, kuma ita ce aka koya wa yadda ake bin diddigi ba tare da son rai ba. Ta zo gaisuwa, ta ga abin da ya faru, ta zauna a ƙofar ɗakin ta yi kuka mai isarta, sannan ta shaida wa shugabanni cewa ta ajiye karatu, ba za ta koma ba. Ƙungiya ta zauna a kan wannan magana har sau biyu kuma ta ƙi amincewa. Hutun karatun da aka ba ta ba a bayar da shi sau biyu, kuma idan ta bari yanzu, za mu warware matsalar abu sittin da uku ne mu bar ɗari huɗu ba su da ƙwararren mai kula har abada. Mun roƙe ta, maigidanta ya sa baki, ta koma jiya da safe ba da son ranta ba. Mun san mun ɗauki kasada, domin waɗanda suka bayar da aron waɗannan kaya da hannunsu, goma sha huɗu ne kawai suka rage, kuma ƙaraminsu ya ba tamanin baya. Wata bakwai ba komai ba ne ga mai karatu, amma ga ɗan tamanin tafiya ce mai nisa.

Saboda haka, da amincewar iyalan marigayin da sanin masu girma iyayen ƙasa, an rufe ɗakunan biyu, makulli ɗaya yana hannun mai girma Dagacin garin marigayin, ɗaya yana hannun Limamin garin, kuma ba za a buɗe wa kowa ba, ko shugaban ƙungiya ne, sai Malama Naja'atu ta dawo. Ba a ƙwace wa kowa kayansa ba, haƙuri kawai muke roƙo. Roƙonmu na biyu ya fi na farko gaggawa. Duk gidan da ya san tsohonsa ko tsohuwarsa ta taɓa ba Malam Mahbub wani abu, to a zauna da su a cikin makon nan, a kunna waya a naɗi muryarsu, su faɗa da bakinsu mene ne suka bayar, na wa ne asali, ina ya tsage, wa ya ɗinke shi, wane tabo ne a gindinsa. Kada a tuna musu, kada a gyara musu magana, kada a ce ai gidan su wane sun ce kaza. A bar su su faɗi abin da suka sani, a turo wa ƙungiya yadda yake.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa, Ya jiƙan Malam Mahbub Jalo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya Zubaidatu da 'ya'yanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya sanyaya zuciyar Inna Marka, Ya ba Malama Naja'atu natsuwar ƙarasa abin da ta je nema, Ya kuma ara wa tsofaffinmu kwanaki. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

A ƙarshe, mai sa hannu yana neman izinin faɗar wata magana ta ƙashin kansa, domin kada wani ya ɗauka akwai sauran lokaci. Ɗaya daga cikin akusan nan goma sha ɗaya daga gidanmu ya fito, Gwaggona Bilki ce ta bayar da shi da hannunta, kuma ko a bara ta ba ni labarinsa tiryan-tiryan, ni ne ban saurara da kyau ba. Jiya da hantsi na je Gammo, na gaishe ta, na kunna waya na ajiye a gabanta na tambaye ta. Ta daɗe tana kallon tabarma tana motsa baki, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, na manta. Ka je ka tambayi Mahbub, ai shi ya sani."

Na gaya mata rasuwarsa tun ranar Laraba. Ban sake gaya mata ba.

Sa hannu:
Alhaji Jibirin Nata'ala Gammo
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Kishin Kayan Tarihi ta Gwarzo da Kabo