Gwangwani na Uku Daga Dama

Fagge, Janairu 1956

Zuwa ga yayana Modu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Fanta da yara, da kuma aikin jirgi a Nguru. Mu nan lafiya lau.

Motocin tseren nan na Turawa masu ƙetare Sahara sun kusa isowa, Baba ya hana kowa sakat. Ka san halinsa. Tun zuwansu na farko babu motar da ta kwana a Kano ba su yi ƙaramarta ba, shi da Cyprian maƙerin Sabon Gari. Cyprian ya yanka gwangwanin kananzir ya liƙe da dalma, Baba ya yi fenti: ta Ingilishi koriya, ta Faransa shuɗiya, ta Italiya ja, kowace da lambarta a ƙofa. Turawan bariki har layi suke yi a zaurenmu. Ni kuwa, da gemuna da 'ya'yana, har yau aikina gugar samfefa. Burushi bai taɓa shiga hannuna ba. Ya ce ban nuna ba tukuna.

Akwai abin da na gano. Yanar ido ta kama Baba, ba ya raba shuɗi da kore. Cyprian kaɗai ya gaya wa. Shi ne yake sayo fentin, ya jera masa a kanta, kowane launi da gurbinsa, Baba ya laluba da hannu ya ɗauka. Shuɗi ne na uku daga dama. Bare ya san ciwon ubana, ni da nake kwana gida ɗaya da shi sai da na yi leƙe. Abin ya tsaya mini a rai, Yaya.

Ka gai da Fanta. Naka,
Gana

Fagge, Janairu 1956

Yaya Modu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Allah ya sa zazzaɓin 'yarka Yakaka ya sauka.

Motoci sun zo sun tafi. Da ka ga yadda suka iso, duk sun sha yashi, wata babu gilashi, wata an ɗaure mata ƙofa da igiya. Akwai wani Bafaranshe mai shuɗiyar mota lamba tara, da farin zane biyu daga hanci har baya. Aikin Baba ya burge shi ƙwarai, ya ce a yi masa tasa kafin su tashi. Cyprian ya ƙera jikin, har lotsewar da take gefen hagu bai bari ba. Kafin Baba ya shiga ɗakin fenti na riga shi, na musanya gwangwani na uku da na huɗu. Iyakar abin da na yi ke nan.

Ka san ba ya yarda a ga aikinsa kafin mai shi. Ya kulle kansa ya yi, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya sa babbar riga, muka tafi filin da motocin suke. Jama'a maƙil, 'yan Fagge da 'yan Sabon Gari da Turawa. Ya ɗora ta a kan hancin babbar motar, ya yaye ƙyallen da kansa. Koriya shar kamar ganyen alayyafo. Ɗora motar Bafaranshe a launin Ingilishi kuwa a wurinsu zagi ne. Direbobin Ingila suka fara dariya har da dukan cinya, mutanenmu suka kama. Baba yana ta murmushi yana sunkuyar da kai, shi a zatonsa yabo ne. Sai da wani dillali ya matso ya tambaye shi da ƙarfi yatsu nawa ya ɗaga masa, sannan ya gane. Bafaranshen ya ɗauke ta da yatsu biyu ya miƙo masa.

Na riƙe masa hannu har gida. Kada ka yi mini wa'azi. Da ya ba ni burushi tun bara, da babu wanda ya ji sirrinsa.

Ƙaninka,
Gana

Fagge, Maris 1956

Yaya Modu,

Ina gaishe ka da kyau, ina tambayar iyali. Shirunka ya yi yawa, na san kuma ka sami wasiƙata.

Baba ya yanke hukunci cewa Cyprian ne. Ya ce mutum ɗaya ya san idonsa, mutum ɗaya yake jera gwangwanaye. Cyprian ya zo har ƙofa, ya cire hula, ya yi ta rantsuwa da Hausarsa ta Sabon Gari har muryarsa ta dushe. Baba bai fito ba. Ni aka aika in gaya masa kada ya ƙara taka zauren nan, na kuma gaya masa. Ya daɗe yana kallona kafin ya hau kekensa. Matarsa Monica ta aiko da doyar da ta saba aiko wa Inna, aka mayar mata. Mutanen da suka fara aiki tare tun ina goye ke nan.

Yanzu burushi duk suna hannuna. Na sami wani maƙeri a Kwaciri, ƙirarsa ba ta kai ba, amma fenti yana rufe abubuwa da yawa. Turawa sun fara dawowa, kuma sunana suke tambaya.

Baba ya daina fita, ko masallaci sai an ja shi. Yana zaune a zaure da koriyar motar a cinya yana shafa ta. Kullum da safe sai ya kira ni in gaya masa launin rigar da ya sa, don ya ce bakina kaɗai ya yarda da shi. In ya riƙe hannuna yana sa mini albarka sai in ji abinci ya fita raina, amma yana wucewa.

Ɗazu ya ji ƙarar alƙalami, ya ce in sa maka saƙonsa. Ya ce ka kwantar da hankalinka, kada ka bar aikinka saboda shi, domin Allah ya bar masa ɗa guda a kusa wanda bai taɓa cutarsa ba. Ga shi na rubuta yadda ya faɗa. In kana da abin gyarawa, ka zo ka gaya masa da bakinka, mu ga wanda zai rage masa.

Ka huta lafiya.
Gana