Zaren da Aka Ƙona a Motar Abba

Ƙofar Mazugal, Kano
6 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Kawu Salihu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa sana'a albarka. Mu nan lafiya lau. Ciwon ƙafar 'Yardada ya yi sauƙi, Umma na nan da saƙarta, ni kuma mun kusa fara jarrabawar aji biyar.

Kawu, ka yi haƙuri, raina a ɓace nake rubuta wannan takarda. Maganar Fijo 404 ɗin marigayi Abba ce. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi Baffa Ilu ya zama kansila, ya sayi mota, sai ya ce tamu ta tare masa ƙofar gida. Ya gaya wa Umma in motar ba ta tashi da kanta kafin Maulidi ba, zai kira mutanen Ƙofar Ruwa su farke ta su sayar da kayanta. Motar da Abba ya shekara ashirin yana gogewa da hannunsa ita ce yau ake kira tarkace.

Ka tuna zaren ɗinkin hula da kai da Abba kuka ɗaura wa wayoyinta, kowace waya da launinta, don ya riƙa gane su? Ranar Laraba Baffa ya kawo wani mai rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, Garba. Yana buɗe bonet ya ja da baya yana salati, wai ƙulle-ƙullen nan sammu ne, shi ya kwantar da motar. Baffa bai tambayi kowa ba, ya sa aka tsinke su duka da reza aka ƙona a bakin kwata. Garba ya cire wayoyi ya kasa mayarwa, ya ce sai gobe, har yau ba mu ga ƙeyarsa ba. Ina tsaye a soro, na san gaskiyar zaren, domin ni nake miƙa wa Abba almakashi in zai sabunta shi, amma kunya ta hana ni buɗe baki gaban manya. Haushin kaina ya fi na kowa.

Ga halin da take ciki. Yaya Bashir ya aro batir mai kyau, amma in an murɗa makulli ko motsi ba ta yi, fis kuma yana ƙonewa nan take. Wayoyi bakwai ne a sake, duk sun koɗe sun zama kala ɗaya. Na zana su a bayan takardar nan, da inda kowace ta fito. Na tuna ja na oda ne, kore na fitilar birki, sauran sun ɓace mini. Don Allah ka rubuta a jikin zanen inda kowace take zuwa.

Sai birki. In an taka yana nutsewa har ƙasa, mai kuma yana tsiyaya ta cikin tayar baya ta hagu. Roba ce ta mutu, ko iska ce ta shiga? Wane man birki za mu saya? Yaya ya ce muddin ta tashi ai shi ke nan, ni kuwa na ce ba zai fita da ita lungun da yara ke wasa ba birki ba.

Kada ka biyo ta gidan waya. Ka ba Malam Musa direban tirela amsar, ranar Juma'a yake juyowa.

Umma da 'Yardada da Yaya Bashir suna gaishe ka. A gaishe mini da Inna Dije da su Mikail. Na riga na ɗebo zare kala bakwai a kwandon Umma. Da amsarka ta iso ni zan ɗaura su da rana, gaban Baffa, kuma in ya tambaya wannan karon zan gaya masa ko mene ne.

'Yarka,
Zinariya