Dada Ta Fara Yanka Shanun Da Ta Zana

Hausare, Garwa.

Zuwa ga Kawuna Ɗanmalam, a Meiganga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka tsawon rai, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar da aka ce yana hana ka zuwa kara, kasuwar shanu. Mu nan alhamdulillahi, sai zafin Garwa da ka sani. Ƙanena Mahfuzu yana nan a mayanka, 'yata Rahma kuma ta shiga lekol, wato makarantar boko, bana. Rubutu na zaɓa domin a waya ba ka ji sosai, ni kuma wannan magana ba zan iya ɗaga murya a kanta ba.

Maganar ƙanwarka ce, Dada. Tun da aka sallamo ta daga asibiti jiki ya ɗan yi sauƙi, ko da yake likita ya ce zuciyar ta gaji. Hankalinta ne ba a kwance yake ba. Kawu, ka yi haƙuri in faɗa maka abin da ba ka tsaya ka gani ba, don ka bar garin nan kana kallon sana'arta a matsayin abin kunya. Mace ta farko ke nan da ta hau tsani da gwangwanin fenti a kasuwar Garwa, da wando a ƙarƙashin zane, maza suna ƙasa suna yi mata dariya. Da gawayi ta fara, tana zana shanu a bangon mayanka tun tana kai wa mahaifinku abinci, har malamarsu Madam Florentine ta ba ta burushinta na farko. Daga nan sai rumfunan mahauta, sai bayan motocin shanu, sai ɗakunan amare. Da kamfanin atamfa ya ɗauki zanenta na ƙwarya da tsuntsaye, har Kuseri mata suka ɗaura shi ba su san hannun 'yar mahauci ba ne. Da burushin nan ta ciyar da mu bayan rasuwar babanmu, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa ba.

Ka san Hajja Kaltumi, mahaifiyarku, har ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Bayan rasuwarta Dada ta kulle kanta a ɗaki ta zana ta a bango, daga abin da ke ranta kawai: tana zaune a kan tabarma, ƙwaryar fura a gabanta, da murmushin nan nata na gefen baki. Da ka zo sadakar arba'in aka ba ka labari, sai ka ƙi leƙawa. Daga zaure ka aika mata cewa ranar lahira za a ce ta hura rai ga duk abin da ta zana. Ta ce a ranar dariya ta yi. Ashe ajiye maganar ta yi, ta tsufa da ita a ciki, sai da ta ga gadon asibiti ta fito da ita.

Ta aika aka tambayo wani malami, ya ce idan an raba kai da jiki to ya daina zama hoto. Ita kuwa 'yar mahauci ta fahimce shi yadda ta iya. Kullum da safe sai ta ɗauki sandarta da ɗan gwangwanin jan fenti, ta bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, ta yi bisimilla, ta ja layi a wuyan kowane sa da ta taɓa zanawa. Halliru mahauci har durƙusa mata ya yi, ya ce da farin bijimin nan masu saye ke gane rumfarsa. Ta ce masa ya matsa mata, tun ba a haife shi ba ta san inda ake ɗora wuƙa. Wallahi Kawu na yi dariya a wurin, na dawo gida na yi kuka. Shanun da ke jikin motoci ba ta san inda suka tafi ba, tsuntsayen atamfa kuwa sun watsu duniya, su ne ke hana ta cin abinci.

Da ta gama da kasuwa sai ta juyo kan Hajja. Ta tsaya gaban bangon da jan fenti, daga baya ta ajiye burushin ta ce ba za ta iya sa wuƙa a wuyan wadda ta haife ta ba. Sai ta sa aka kawo farar ƙasa. Daga ƙasa ta fara shafe zanen, kullum gwargwadon ƙarfinta. Tabarma ta tafi, ƙafafu sun tafi, ƙwaryar fura ta tafi, shekaranjiya hannuwa. Mahfuzu ya ɗauka da wayarsa a ɓoye, ta gane, ta tsare shi har ya goge a gabanta. Na roƙe ta, na yi fushi, na kira ƙawarta Véronique ta yi mata magana, duk a banza. Yanzu fuskar kaɗai ta rage, hannunta ba ya kaiwa, tsani kuma an hana ta. Sai ta ce ni, Raihana, ni zan shafe.

Ni ba malama ba ce, ba kuma zan yi jayayya da malamai ba. Ban san abin da ke daidai ba, Allah ne shaidata. Abin da na sani shi ne uwata tana cikin tsoro, kuma fuskar nan ita ce kaɗai fuskar kakata da ta rage a duniya. Na yi ta kawo uzuri, yau farar ƙasa ta ƙare, gobe bayana yana ciwo, alhali ta san ni kamar tafin hannunta. Raina ya ɓaci da kai, Kawu, ba zan ɓoye ba. Magana ɗaya ka yi ka hau mota, mu aka bari da ita. Amma maganarka ce kaɗai za ta saurara, ko ta sassauci ce ko ta tsanani.

Don girman Allah ka zo. Ban ce ka janye abin da ka yi imani da shi ba. Ka zo ka zauna da ita, ka faɗa mata wani abu game da rahamar Ubangiji, don wannan ɓangaren babu wanda ya karanta mata. Ka kalli mahaifiyarka sau ɗaya. Bayan haka in ka ce a shafe, zan shafe. Na faɗa wa Dada zan rubuto maka, ta ce ta yarda ta jira amsar Yaya. Amma ta sa na yi mata alkawari cewa in ta riga amsar tafiya, ba za a ɗaga gawarta daga ɗakin ba sai bangon ya yi fari. Na yi alkawarin, don ba ni da yadda zan yi. In ka makara, Kawu, da hannuna zan shafe fuskar kakata a ranar da zan rabu da uwata.

A gaishe mini da Inna Nafisatu, da Ziyad da matarsa, da Abubakar Siddiƙ in ya dawo daga Mindif. Mahfuzu da Rahma suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya sa ka iske ta da rai.

'Yarka mai zuba ido a hanya,
Raihana.