Fitilar da Ka Zura Rijiya, Yaya Manzo

Zuwa ga wana, Yaya Manzo maginin rijiya.

Gaisuwa, don addini ya ce a gai da matattu, ba don raina ya so ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka san baƙi ba, ni ma haka. Mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Tanout na zaunar, na ce ya sa maganata yadda ta fito, kada ya zuba mata zuma.

Tun zamanin Nasara nake ɗauke da kai a ƙirji kamar dutsen niƙa. Duk Damargu ana yabonka. Manzo jarumi, Manzo da ya bi ɗan ƙanensa cikin rijiya ya mutu tare da shi. To wa ya tura ɗan ƙanen? Isufu ɗana ne, Yaya. Shi kaɗai Allah ya bar mini namiji.

Kai ka koya mana ƙa'idar. In aka fasa dutse da nakiya a gindin rijiya, ba mai sauka sai an kunna fitila an zura ta cikin guga. In ta ci gaba da ci, iska lafiya. In ta mutu, akwai mugun numfashi a ƙasa, a bari sai ya fita. Ranar nan kai ka zura ta. Kai kaɗai ka leƙa, mu muna baya riƙe da igiya. Ka ɗago kai ka ce tana ci. Isufu ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yana waƙa. Sai waƙar ta tsaya.

Ba ka ko tsaya an ɗaure ka ba. Ka kama igiya da hannu ka zame. Ni na yi maka wanka, na ga tafukanka, fatar duk ta saɓule. Mutane suka ce ƙauna ce. Ni kuwa har yau ina tambaya, ƙauna ce ta sa ka wannan gaggawa, ko kuwa kai kaɗai ka san abin da ke ƙasa? Ka riga ka buga ƙirji a kasuwar Ollelewa cewa ruwa zai fito kafin Fulani su komo da shanu. Na san ka tun muna kiwon awaki. Gara a yanke maka yatsa da a ce Manzo ya faɗi abu bai yiwu ba.

Da aka jawo gugan, fitilar a mace take. Amma sai bayan an fito da ku aka tuna da ita. Ta mutu kafin Isufu ya sauka, ko bayan? Fitila ba ta magana.

Ga labarin gida. Matarka Hajo ta rasu bara, tana yabonka har ta cika. Gonarka ta tudu ƙaya ta cinye. Yanzu ma'aikatan gwamnati sun zo da kamiyo, babbar motar kaya, da siminti za su buɗe rijiyar da muka rufe da itace. Suna da wata 'yar kwalba siririya kamar sillen kara. Ana jawo iskar ƙasa a bi da ita ta ciki, in da guba hodar da ke ciki ta sake launi, kuma ba ta komawa. Mutum goma su duba, abu ɗaya za su gani. Na riƙe ta a hannuna, sai da na nemi wuri na zauna. Da ita aka zura ranar nan, da ban tsufa ina zargin ɗan uwana ba. Ko kuwa da na tsine maka da hujja.

Mai gari ya ce za a kira ta Rijiyar Manzo. Ba wanda ya ambaci Isufu.

Ranar jana'izarku liman ya ce duk mai haƙƙi a kanka ya yafe. Kowa ya ce ya yafe. Ni na rufe bakina, kuma ban buɗe ba har yau. Yanzu ƙafafuna sun kumbura, liman yana zarya gidana, wai kada in je kabari da ƙulli, kada in bar ka rataye. Ina so in sake ka, Yaya, wallahi ina so. Kai ka goya ni lokacin yunwa. Amma me zan yafe? Ƙaddara ba a yafe ta, ba laifinka ba ce. In kuwa ƙarya ka yi, a gaya mini sunanta tukuna.

Don Allah ka zo mini a mafarki. Ko ka aiko wani. In kai ba za ka iya ba, a cikin waɗanda suka tsaya bakin rijiyar nan ba wanda idonsa ya faɗa ciki? Wani ya ba ni amsa kafin a kai ni kusa da kai. Tana ci, ko ta mutu?

Sai mun haɗu, kuma can ma zan tambaye ka.

Ƙanenka Kalla, uban Isufu.