Tozon Juma'a da nake ɓoye wa Baba

Assalamu alaikum malam mai kula da wannan fili, da duk mai karatu. Ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, kuma don Allah kada a buga sunana. Sunayen da zan kawo ma ba na ainihi ba ne.

Jiya Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan la'asar, muna ɗakin mahaifina a nan birnin Sakkwato. Akwai shi Baba, akwai Inna mahaifiyata, akwai ƙanena Bello, akwai limamin unguwarmu da aka kira musamman, sai ni a bakin ƙofa. Baba ya gyara zama ya ce, "Ku shaida. In na cika, kada Jabbi ya taɓa gawata. Ba shi wanke ni, ba shi kama makarata." Liman ya ce, "Subhanallahi. Ummaru, mi ya yi zahi haka?" Baba ya ce, "Shi ya san abin da yaka aiko min." Duk ɗakin babu wanda ya gane wannan magana sai ni. Baba Jabbi, aminin Baba, bai taɓa aiko da komai ba sai alheri. Ni ce nake sauyawa.

Zan bi maganar daki-daki. Ni ce babbar ɗiyar gidan. Mijina ya rasu, na dawo da 'ya'yana, kuma tun da Inna ta fara ciwon gwiwa girki ya koma hannuna. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ba shi da yawa, amma ni mace ce mai son abu ya tafi bisa tsari, kowa a gidanmu ya san haka, har tsorona yara suke ji.

Baba mahauci ne. Baba Jabbi shi ma mahauci ne, tare suka koyi fawa suna samari, kuma tun kafin a haife ni suka yi alkawari cewa duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai wanke shi. Baba ne ya tsaya wa Baba Jabbi a aurensa da Inna Hajo. Tun daga lokacin, kowace Juma'a kafin a sauko daga masallaci, akushi yana zuwa daga gidansu: tuwon shinkafa, miyar kuɓewa da man shanu, da manyan yankan tozo a sama. Baba ya ci, a wanke akushin, ya sa goro a ciki a mayar. Na buɗe ido na ga ana haka.

Bara Baba ya fara haki. Mutum ne mai jiki ƙwarai, daga zaure zuwa ɗakinsa sai ya tsaya ya dafa bango. Ƙafafunsa suka kumbura. Bello ya kai shi asibiti, likita Bature ya duba shi, malamin asibiti yana fassara. Aka ce zuciya ce ta gaji da nauyi. Doka ta farko, ba gishiri, ba kanwa. Ta biyu, ba kitse, ba man shanu. Ta uku, a rage tuwo har jiki ya ragu. Bello ya ce Baba ya yi ta magiya har likita ya yi dariya, ya ce to sau ɗaya a mako ya ci abin da ransa ke so, amma kaɗan, abin da bai wuce tafin hannu ba.

Wannan sau ɗaya ɗin shi ya raba kan gidanmu. Inna ta ce wanda aka hana komai zai saci hanya ya ci a ɓoye, gwamma a bar masa rana guda da kowa ya sani. Bello ya ce likita ya fi mu sani, tun da ya yarda magana ta ƙare. Ni kuwa na ce wanda aka ce ya bari, ya bari kawai. Mako guda ina auna masa abinci, rana ɗaya ta zo ta rushe mini aiki? Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, ko azumi ana buɗa baki." Aka yi dariya, ban yi ba. Sannan ya kafa tasa doka, cewa kada wanda ya kuskura ya faɗa a waje an hana shi abinci, ko gidan Jabbi kada a ji. Ya ce, "Mahauci anka hana nama? Ai sai yara su yi min waƙa cikin kasuwa."

To, Baba bai san kaɗan ba. Juma'ar farko ya share akushi har ya suɗe da yatsa, Asabar takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa. Ta biyu ma haka. Wata Asabar da hantsi na shiga kai masa koko, na tarar da shi durƙushe kusa da buta, numfashi yana fita da ƙara, leɓensa ya yi duhu, yana kallona. Na riga na taɓa rufe idon namiji da hannuna, na san wannan kallo. Da ya farfaɗo na ce, "Baba, tozon nan ne." Ya ce, "Sanyi na kwasa. Kada ki sake kawo min maganar ga." Wa zan kai wa ƙara? Inna da ke bayansa, ko Bello da ke bayan likita?

Juma'ar da ta biyo, da aka shigo da akushi aka miƙa mini in ɗumama kamar kullum, sai na shiga madafa na ja ƙofa. Na bar tuwon yadda yake. Na tsame tozon duka. Na kwashe man da ke saman miya, na zubar da fiye da rabinta a wata tukunya, na ƙara ruwa da busasshiyar kuɓewa, don ƙamshin girkin Inna Hajo ya saura amma gishirin ya tafi. Na sa tsoka marar kitse daga naman gidanmu, irin ta ƙwauri, mai jijiya. Na rufe da faifansu na kai masa.

Ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki yanka ɗaya ya juya shi a hannu, yadda yake yi a rumfa in yana duba nama. Ya ɗanɗana miya. Ya ce, "Wanga daga gidan Jabbi?" Na ce, "Daga can ne, Baba." Ya ce, "To." Ya ci kaɗan ya ture. Ni na fita ina murna, na ɗauka na yi dabara. Ban tsaya na yi tunani ba cewa a wurin mahauci, yankan da ka aika wa mutum shi ne matsayin da ka ba shi. Ni da na girma a gidan fawa, yaya aka yi na manta da haka? Ko dai ban manta ba, na kau da kai ne?

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Tozon da nake tsamewa, da farko yara nake ba, in ce ragowar kakansu ce. Daga baya na ga bakinsu ba ya riƙe magana, sai na koma ci da kaina, a tsaye, a bayan ƙofar madafa. Ni da nake tsawata wa kowa a kan doka. Kuma ba zan yi ƙarya ba, har na fara jiran Juma'a.

Jikin Baba kuwa ya yi sauƙi. Kumburi ya saɓe, ciki ya ragu, yana zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa. Bello ya riƙa yi mini tsiya, "Yaya, ina masu cewa sau ɗaya a mako kisa ne? Ga Baba nan shina cin tozonshi, shina samun lahiya." Baba bai ƙaryata shi ba, domin ba mutum ne da zai buɗe baki ya kushe kyautar abinci ba, ko a gaban matarsa. Amma ya rage magana. Ana cikin haka guguwar zaɓe ta taso, kowa yana batun Turawa za su tafi a samu mulkin kai, sai Bello ya shiga wata jam'iyya, 'ya'yan Baba Jabbi suna wata. Nan Baba ya samu dalilin da yake nema. Na ji shi yana cewa shi kaɗai, "Don ɗana ya bi wasu, shi na anka mai da ni mai cin jijiya." Ya daina sa goro a akushi. Da na ga haka sai na riƙa sa nawa, don kada can gidan su lura. Ƙarya ta zama biyu.

Makon jiya Baba Jabbi ya zo gaisuwa da kansa. Suna zaure, ina daga ciki ina ji. Ya shigo da barkwancinsa da ya saba, ya ce, "Kai Ummaru, ina tumbin ya tahi? Ko abin da nika aiko ma bai kama ka?" Baba ya ce, "Shina kamawa. Na gane saƙo." Baba Jabbi ya yi dariya ya ce, "Hajo ta ce akushi tas yaka komawa, ko ƙuda ba ka bar ma. Ai daidai da kai nika zaɓen yankan, da hannuna. Na san abin da ya dace da kai." Bawan Allah tozo yake nufi. Baba kuwa jijiya ya ji. Sai Baba ya ce zai shiga ya kwanta. Bai raka shi ko bakin ƙofa ba. Na ji Baba Jabbi ya tsaya yana gyara takalmi, ya daɗe, kamar yana jiran a kira shi.

Tun ranar Baba ya daina cin abin kirki, har abincin da nake auna masa. Hakin ya dawo, ba tare da ya ci kitsen kowa ba. Jiya bayan liman ya tafi ya ƙara da cewa daga wannan Juma'a a mai da akushi a rufe yadda ya zo. Duk mutumin Sakkwato ya san abin da ake nufi in an mayar wa mutum abincinsa a rufe. Bello ya ce shi zai kai da kansa, kuma na ga yadda ya faɗa, neman faɗa yake da 'ya'yan gidan. Da muka fito tsakar gida Inna ta kama hannuna, ta matsa damtsena, ta ce, "Ke kuwa kin yi jiki bana." Ban san abin da ta sani ba.

Na auna hanyoyin da ke gabana. Ta farko, in durƙusa gaban Baba in faɗi gaskiya. Zai shirya da amininsa, amma zai karɓe akushin daga hannuna, ya koma cin tozo ba mai hana shi, kuma na ga abin da Asabar take yi masa. Ban da haka, zuciyar da aka ce ta gaji, za ta ɗauki labarin cewa wadda yake kira uwarsa ce ta yi wata da watanni tana yi masa ƙarya? In ya yi mini baki fa? Ta biyu, in je wurin Baba Jabbi in gaya masa komai. To na tona ciwon da Baba ya ce a rufe, kuma shi mutum ne da ba ya iya riƙe abu, ranar zai zo ya faɗa. Ta uku, in yi shiru. Ita ce mai sauƙi, ita ce kuma take hana ni sakewa, domin in Baba ya tafi a haka, za a tare dattijo a bakin ƙofa a ce masa ba ya shiga, a gaban jama'a, kan laifin da bai san an yi ba.

Gobe zan ce wa Bello akushi bai zo ba, in ɓoye shi, in wanke in mayar ta hannun wata maƙwabciya. Wannan zai ba ni mako guda, watakila biyu. Ita ce ƙarya ta uku, kuma ba na son ta huɗu.

Ina roƙon malamai da ke karanta wannan fili, da duk wanda ya taɓa jinyar tsoho mai taurin kai, ku amsa mini da wuri, kuma ku amsa a fili. Ba na neman a ce mini na yi daidai, na san ban yi ba. Ku gaya mini wanda zan fara durƙusa wa, Baba ko amininsa, da abin da zan zuba wa Baba a akushi ranar da gaskiya ta fito. Me zan yi?